Kano Pillars: Shin Sabon Koci Kaɗai Zai Share Mana Hawaye?

Duk wanda ya san Wudil ya san cewa Juma'a ba ranar zaman hira ba ce. Tun da sanyin safiya manyan motoci ke jerin gwano a bakin kara, dillalai da fatake da makiyaya kowa na neman rabonsa, sai bayan sallar isha'i, idan ƙura ta lafa, sannan majalisu ke cika. A irin wannan dare ne, a ƙarshen shekarar 2025, na iske majalisarmu ta kaure da murna kamar an yi wa wani haihuwar fari. Dalili kuwa shi ne, bayan dakatar da Evans Ogenyi da hukumar Kano Pillars ta yi a watan Oktoba saboda rashin taɓuka abin kirki, an sake kiran Mohammed Babaganaru ya karɓi ragamar horar da ƙungiyar. Wani dattijo a cikinmu ya gyara zama ya ce ai da ma da tsohuwar zuma ake magani. Wani matashi kuwa, ɗalibi a jami'ar garin nan, har ya fara lissafa mana makin da za a samu kafin a je hutun rabin kakar wasa.

Ba zan ɓoye wa mai karatu ba, ni ma na ji daɗi a wannan dare, domin duk wanda ya ga shekarun 2012 da 2013 ba zai ji sunan nan ya kasa yin murmushi ba. Sai dai a kan hanyata ta komawa gida na shiga ƙirga, da yatsun hannu, sau nawa na ga irin wannan murna a majalisar nan cikin 'yan shekaru kaɗan, kuma sau nawa ta ƙare da tsaki da zagin mutumin da aka yi wa kirari jiya. Wannan ƙirga ita ce ta sa na ɗauki alƙalami. Abin tambaya a nan shi ne, me ya sa muke ɗora dukkan fatanmu a wuyan mutum ɗaya, kuma shin tarihin ƙungiyar tamu ya goyi bayan wannan ɗabi'a?

Da farko dai dole a yi wa magoya baya adalci. Burin da suke da shi ba na mafarki ba ne, abu ne da suka taɓa gani da idonsu. An kafa Kano Pillars a 1990 ta hanyar haɗe ƙungiyoyi uku, wato WRECA da Kano Golden Stars da ta Bank of the North, a garin da tun 1978 ya ɗanɗani zaƙin kofin ƙasa ta hannun Raccah Rovers. Ƙungiyar ta lashe gasar firimiya ta Nijeriya a 2008, sannan ta jera uku a 2012 da 2013 da 2014, bajintar da Iwuanyanwu Nationale da Enyimba kaɗai suka yi kafin ita. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar, mai riƙe da kofin zakarun Afirka a lokacin, bayan an tashi 1-1 a Nijeriya da 2-2 a birnin Alƙahira, ta kai har wasan kusa da na ƙarshe kafin Heartland ta Owerri ta taka mata birki. A 2019 kuma ta ɗauki kofin ƙalubale a Kaduna bayan ta doke Niger Tornadoes a bugun fenariti. Mutumin da ya ga waɗannan ranaku, idan ya ce sai masu gida, ba cika baki yake yi ba.

To amma mu dubi wannan tarihi da idon basira, mu ga abin da yake koya mana game da masu horarwa. Kadiri Ikhana ne ya ɗauko kofin 2008. Bature ɗan ƙasar Sulobeniya, Ivo Sajh, shi ya jagoranci tafiyar Afirka ta 2009. Babaganaru ya ci na 2012 da 2013, ya tafi, Okey Emordi ya zo ya ci na 2014. Ibrahim Musa, wanda aka fi sani da Jugunu, shi ya kawo kofin ƙalubale na 2019. Mutum biyar ke nan, kowa da salonsa, kowa da halinsa, amma nasara ba ta bi ɗayansu ta fice daga Kano ba a lokacin da ya tattara kayansa. Sa'an nan mu juya maganar ta ɗaya gefen. Babaganaru ya taɓa dawowa a 2015, Ikhana ma ya dawo bayansa, kuma babu wanda ya sake ɗaga kofin gasar a cikinsu a wancan zagaye. Shin sun manta aikin ne? Ko kusa. Mutanen su ne dai, abin da suka tarar ne ya canza.

Abin da bai canza ba a shekarun nan uku na jere shi ne ƙashin bayan ƙungiyar. Theophilus Afelokhai ya daɗe yana tsaron raga, Rabi'u Ali yana riƙe da tsakiya, Gambo Mohammed yana gaba, ga matasa irin su Shehu Abdullahi suna tasowa a tsakaninsu. 'Yan wasan sun san juna kamar 'yan ɗaki ɗaya, filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ya zama wurin da baƙo ke shiga da fargaba, sabon koci kuwa idan ya zo, gini yake tararwa a tsaye, aikinsa gyaran fuska ne da ƙarin daɓe. Wannan shi ne sirrin da muka manta.

Yanzu kuma mu dubi abin da ya biyo baya. Daga ƙarshen 2020 zuwa ƙarshen 2025 kujerar nan ta ga Bafaranshe Lionel Soccoia, da Ibrahim Musa, da Salisu Yusuf, da Evans Ogenyi, da Abdullahi Maikaba, da Usman Abdallah, da Ogenyi a karo na biyu, sannan Babaganaru. Babu wanda zai ce waɗannan mutane ba su san aiki ba. Salisu Yusuf ya yi aiki da babbar ƙungiyar ƙasa ta Super Eagles, Usman Abdallah ya lashe gasar firimiya da Enyimba a 2019, Maikaba ya ɗauki kofin ƙalubale da Akwa United a 2017. Idan ƙwararru irin waɗannan suka yi ta shigowa ɗaya bayan ɗaya suna fita ba tare da kofi ba, hankali zai ba mutum cewa ciwon ba a kujerar yake ba. Mun bar jaki muna ta dukan taiki.

Akwai kuma wata gaskiya mai ɗaci wadda ba a son faɗa a majalisa, domin mu ta shafa. A 2022, shekarar da Pillars ta faɗo daga gasar firimiya, an zaftare mata maki saboda tarzomar da aka yi a wasanta da Katsina United, inda aka farfasa motar baƙin. A watan Oktoba na 2025, bayan Shooting Stars ta farke ƙwallo a ƙarshen lokaci aka tashi 1-1, wasu suka kutsa cikin fili suka far wa alƙalan wasa. Sakamakon haka aka cire mata maki uku da ƙwallo uku, aka ci ta tarar miliyoyin naira, aka kuma tura ta Katsina ta riƙa buga wasanninta na gida. To wane koci ne a duniya yake da dabarar dawo da makin da magoya bayansa suka zubar da hannunsu? Ƙungiyar da ake wa kirari da masu gida, mu da kanmu muka mayar da ita baƙuwa a garin wasu, sa'an nan muka juya muna neman wanda za mu ɗora wa laifi.

Ban ce mai horarwa ba shi da tasiri ba. Shi ke zaɓen 'yan wasa 11 da za su fara, shi ke tsara atisaye, shi ke karanta abokin karawa, kuma shi ke ɗaga zuciyar yaro idan ta karye. Koci nagari yana iya tsamo ƙungiya daga bakin rami cikin 'yan makonni, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Amma akwai abubuwan da ba su cikin ikonsa. Ba shi ke biyan albashi da alawus a kan lokaci ba. Ba shi ke yanke tsawon kwantiragin ɗan wasa ba, wanda a gasarmu sau da yawa ba ya wuce kaka ɗaya ko biyu, ta yadda duk wanda ya haskaka sai ya kama gabansa. Ba shi ke naɗa hukumar gudanarwa ba, wadda a ƙungiyar da gwamnatin jiha ta mallaka takan sauya idan iskar siyasa ta juya. Naɗin Ahmed Musa a matsayin babban manajan ƙungiyar a watan Yulin 2025 ya faranta ran jama'a, domin ɗan gida ne da ya ci ƙwallo 18 a kaka ɗaya a rigar Pillars kafin ya tafi Turai a 2010, ya kuma ga yadda ake tafiyar da manyan ƙungiyoyi. Amma shi ma mutum ɗaya ne, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ba sai mun je nesa ba kafin mu ga amfanin haƙuri da tsari. Remo Stars ta garin Ikenne a jihar Ogun, wadda ɗan kasuwa Kunle Soname ya mallaka, ta gina filinta, ta kafa makarantar rainon matasa, ta kuma bar Daniel Ogunmodede a kan aiki. Ta zo ta biyu a 2023, ta sake zuwa ta biyu a 2024, ba a kore shi ba, sai ga kofi a 2025. Masu kallon ƙwallon Ingila a gidajen kallo kuwa sun san cewa Alex Ferguson ya kama aiki a Manchester United a 1986, bai ɗauki kofin farko ba sai 1990, bai ci gasar ƙasa ba sai 1993. Da a Ƙofar Mata yake, anya zai ga damina ta biyu?

Wurin da ya fi ko'ina a duniya ɗaukaka koci shi ne jami'o'in Amurka, inda ake buga ƙwallonsu mai kama da zari-ruga. A can filin wasan jami'ar Michigan kaɗai yana ɗaukar mutum sama da 100,000, kuma idan aka naɗa sabon mai horarwa gari gaba ɗaya ke ɗaukar harama, kamar dai yadda majalisarmu ta yi. A 2007 jami'ar Alabama ta ɗauko Nick Saban a kan albashin dala miliyan 4 a shekara. Kakarsa ta farko ya ci wasa 7 aka doke shi a 6, amma aka bar shi ya yi aikinsa, a kaka ta uku ya ɗauki kofin ƙasa, kuma kafin ya yi ritaya a farkon 2024 ya kawo musu shida. Sai dai a wannan ƙasar ce kuma jami'ar Texas A&M ta ɗauko Jimbo Fisher da irin wannan buri, ta ƙare da sallamarsa a 2023 tare da alƙawarin biyansa sama da dala miliyan 75 na sauran kwantiraginsa. Ashe ko a can suna da kuɗi ba sa sayen nasara. Abin da ya kamata mu lura da shi shi ne, ɗan wasan jami'a shekaru kaɗan yake yi ya gama karatu ya wuce, saboda haka babban aikin koci a can shi ne zagaya makarantun sakandare yana zaƙulo yara, yana zama da iyayensu, yana renon waɗanda za su maye gurbin masu tafiya. Ƙarƙashin kowane shahararren koci akwai dubban makarantu masu filaye da malamai da gasa ta kowane mako.

A nan ne maganar ta dawo gida, ta dawo Wudil. Duk wanda ya taɓa zama a kara ya san bambancin dillali da makiyayi. Dillali sa mai ƙiba yake nema ya saya yau ya sayar gobe, makiyayi kuwa shi ya san maraƙin tun yana tsotso, shi ya kai shi mashaya, shi ya kwana da shi lokacin da yake ciwo. Idan makiyaya suka ƙare, kara ta mutu, komai wayon dillalan. Ƙwallon ƙafarmu ta cika da dillalai, makiyayan sun yi ƙaranci. Kowace kaka sai a fita kasuwa a kwaso 'yan wasa da dama, a miƙa wa sabon koci, a ce ya haɗa su su zama ƙungiya kafin wata biyu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Alhali kuwa garken yana nan a ƙofar gidanmu. A garin nan akwai jami'ar kimiyya da fasaha ta jiha, wadda ta fara karatu a 2001, aka kuma sauya mata suna zuwa na Aliko Dangote a 2022. Akwai makarantar horar da hafsoshin 'yan sanda. Akwai makarantun sakandare a nan da Gaya da Garko da Sumaila da sauran garuruwan da ke kewaye. Duk yammacin duniya, idan ka ratsa unguwanni, za ka ga yara suna murza leda a kowane fegi da ba a gine ba, wasu ko takalmi babu. Lokacin da aka ƙirƙiro gasar ƙwallon ƙafa ta manyan makarantu ta HiFL a 2018, wadda jami'ar aikin gona ta Makurdi ta lashe a karon farko, jami'ar Wudil ta shiga da sunan KUST Pyramids. Mu nawa ne a cikin masu hayaniya a gidan kallo saboda Barcelona da Real Madrid muka san da haka, balle mu je mu tafa musu? Wasannin jami'o'i na NUGA kuwa tun 1966 ake yin su, gasar Ramat ta matasa ma a Kano ake yin ta don tunawa da marigayi Janar Murtala. Kayan aikin suna nan a warwatse, zaren da zai ɗinke su ne babu.

Kada wani ya ce karatu da ƙwallo ba sa haɗuwa. A cikin tawagar Green Eagles da ta ɗauki kofin Afirka a Legas a 1980 akwai Segun Odegbami, wanda ya karanta aikin injiniya a kwalejin fasaha ta Ibadan, shi ya ci biyu daga cikin ƙwallo uku da aka zura wa Aljeriya a wasan ƙarshe. Akwai Adokiye Amiesimaka, wanda ya karanta shari'a a jami'ar Legas, daga baya ya zama kwamishinan shari'a na jihar Ribas. A zamaninmu ma ga Kaoru Mitoma na Japan, wanda ya zaɓi ya fara zuwa jami'ar Tsukuba ya buga mata wasa, ya rubuta kundin kammala karatunsa a kan dabarar yanka da ƙwallo, daga bisani ya haskaka a Brighton ta Ingila.

Kuma wannan magana ta wuce batun kofi. Rayuwar ɗan ƙwallo gajera ce, ƙalilan ne ke wuce shekara 35 suna wasa, kuma targaɗe ɗaya a gwiwa ya isa ya rufe littafin. Na san matasa a yankin nan da suka bar aji saboda wani ya yi musu romon baka cewa zai kai su Turai, iyaye suka sayar da gona ko shanu aka biya kuɗin tafiya, yau ga su nan babu ƙwallon, babu takardar, babu gonar. Yaron da ya taso ta hanyar makaranta, ko bai zama Ahmed Musa ba, zai zama malami ko injiniya ko ɗan sanda mai lafiyar jiki da tarbiyyar aiki tare da jama'a. Wanda ya taso ta hannun dillali kuwa, idan ƙafa ta gaza, ba shi da madafa.

Na san za a ce jami'o'inmu suna fama da abin da ya fi ƙwallo muhimmanci, ga ƙarancin ɗakunan gwaje-gwaje da na kwana, ga yajin aiki irin na 2022 da ya cinye wata takwas. Wannan gaskiya ne, kuma ba na kiran a ɗebi kuɗin littattafai a sayi riguna. Abin da nake kira gare shi bai kai kuɗin sallamar koci ɗaya da 'yan wasan da aka saya ba su buga ba. Na farko, hukumar Pillars ta ƙulla yarjejeniya a rubuce da jami'o'in jihar nan, ta yadda ƙaramar ƙungiyarta za ta riƙa karawa da su a kai a kai, masu horar da ita kuma su riƙa koyar da malaman wasanni na makarantu. Na biyu, a farfaɗo da gasar makarantun sakandare a ƙananan hukumomi 44, da jadawalin da ba ya jiran ranar bikin wani babban mutum. Na uku, attajiranmu da tsofaffin ɗalibai su ɗauki nauyin karatun 'yan wasa kaɗan a kowace shekara, da sharaɗin duk wanda ya faɗi jarrabawa ya ajiye takalmi sai ya gyara. Na huɗu, duk kocin da za a ɗauka a ba shi kwantiragin aƙalla shekara uku, a rubuta abin da ake so ya cimma a kowace shekara, har da adadin matasan gida da zai shigar cikin babbar ƙungiya, sa'an nan a auna shi da wannan ma'auni maimakon sakamakon Lahadi ɗaya. Shigowar Barau FC gasar firimiya a 2025 ta nuna cewa Pillars ba ita kaɗai ce za ta riƙa zawarcin yaran Kano ba, wanda ya riga zuwa makarantu shi zai kwashi na ƙwarai.

Daga ƙarshe ina kira ga 'yan uwana magoya baya, na birni da na karkara. Ba laifi ba ne mu yi murna idan aka kawo sabon mai horarwa, domin fata nagari lamiri ne, kuma ƙungiyar da magoya bayanta suka daina sa rai ta mutu ko tana numfashi. Amma mu sauya irin tambayoyin da muke yi. Maimakon mu tambaye shi yaushe zai kawo kofi, mu tambayi waɗanda suka ɗauko shi shekara nawa suka ba shi, ko an biya yaran haƙƙinsu, da kuma yaro nawa daga Wudil ko Bichi ko Rano aka gwada a bana. Sa'an nan mu kama hannun junanmu a filin wasa, domin jifa ɗaya na iya rushe aikin wata shida. Ɗalibin nan na majalisarmu da ke lissafin maki, na tambaye shi a wani dare ko ya taɓa zuwa kallon ƙungiyar jami'arsu. Ya yi dariya ya ce bai ma san ranar da suke wasa ba. Mun yi alƙawari ni da shi za mu bincika, mu je tare.

Allah Ya ba masu gida sa'a, Ya kuma ba mu haƙurin renon abin da muke son girba.